Mijin Hapsatu Ya Yi wa Nono Kiɗa

A Birnin Kudu, in ka sauka a tasha ka tambayi gidan Badamasi, sai a hau kallon juna ana cewa wane Badamasin. Amma ka ce gidan Hapsatu mai kindirmo, ko ɗan acaɓar da ya shigo garin jiya zai kai ka har bakin zaure. In ka yi sallama wani dogon mutum ya fito da hula a karkace, to shi ne Badamasin. Sai dai ba mai kiransa haka. Mijin Hapsatu ake ce masa, yaro da babba. Ko a wurin ɗaurin aure, in maroƙi yana jero waɗanda suka halarta, sai ka ji Alhaji wane ya iso, Malam wane ya iso, mijin Hapsatu ma ya iso.

Wannan suna ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Ba wai ba ya son matarsa ba ne. Yana sonta, yana kuma son kindirmonta, wanda in ka soka ludayi a tsakiyarsa sai ya tsaya ƙyam. Abin da ke damunsa shi ne a ce mutum har furfura ta fara leƙo masa a gemu bai yi sunan kansa ba. Kuma ba don bai nema ba. Ya taɓa kiwon zabi don a riƙa ce masa Mai Zabi, zabin suka tashi suka tare a gidan maƙwabci. Ya taɓa sayar da maganin ɓera, ɓerayen unguwar suka yi ƙiba. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Ba a taɓa kawo wani labari a teburin Maikuɗi mai shayi ba, na jirgin sama ne ko na ciwon haƙori, ba tare da Badamasi ya ce shi ai tuntuni ya san wannan ba.

Wata rana da hantsi ana zaune a teburin, sai Ikrima mai ba da hayar lasifika ya juyo da wayarsa yana nuna wa mutane wani bidiyo. Wasu Turawa ne a cikin wani ƙaton ɗaki cike da manyan duro na katako, sun jingina wa kowanne lasifika suna ta sheƙa masa kiɗa.

"Wata giya ce tasu, wiski suke ce mata," in ji Ikrima. "Wai in ta sha kiɗa tana kwance a duron, ɗanɗanonta sai ya canja. Wai mai shanta ma, in aka sa masa kiɗa mai taushi sai ya ji ta yi zaƙi, in mai ƙarfi ne ya ji ta yi ɗaci."

Tebur ya ɗauki a'uzubillahi. Maikuɗi ya ce don Allah a kawar masa da wayar nan daga kusa da butar shayinsa.

Badamasi ya kurɓi shayi ya gyara hula. "Ai wannan tsohon ilimi ne. Na daɗe da saninsa."

"A ina ka san shi?" in ji Ikrima.

"A kaina. Ku ba ku lura ba ne? Shayin nan na Maikuɗi, ranar da rediyonsa ke kunne ya fi shiga."

"Ranar da wani ya saya maka dai ya fi shiga," in ji Maikuɗi.

Aka kwashe da dariya, amma Badamasi bai ko ji ba, domin wani abu ya riga ya faɗo masa a ka. Giya haramun ce, wannan ba musu. To dabarar fa? Dabara ba ta san giya ba, ba ta san nono ba. In har kiɗa zai iya gyara abin da aka haramta, ina ga halattaccen kindirmo da ke kwance a ɗakinsa? Ya miƙe tsaye ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Ku zama shaida. Kafin a gama girbi za ku ji ana cewa nonon Badamasi, daga nan har Gwaram."

Maikuɗi ya ɗago kai daga yankan burodi. "Wane Badamasin?"

Ita Hapsatu aikinta ba hayaniya. Takan tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta kai ta lungun ɗaki inda ko kaza ba ta giftawa. Doka ɗaya ce gare ta, kuma kowa a gidan ya haddace ta: nono in ya kwanta, ba a taɓa shi. Saboda haka Badamasi ya jira har ta yafa gyale ta tafi dubiya asibiti, sannan ya shigo da lasifikar da ya aro a wurin Ikrima, da wani ɗan memori da aka cusa wa kiɗa iri-iri, wanda ya sa a wayarsa. Ya kwantar da lasifikar a tsakar gida, ya ɗauko ƙwaryar nono ya ɗora a kai, ya zaɓi kalangu, ya ƙure murya.

To kalangu a cikin gida bayan azahar abu ɗaya yake nufi. Kafin a jima matan unguwa sun fara shigowa, wata da goyo, wata hannunta duk ƙullu. Inna Mairama, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ita ce a gaba tana dogara sanda.

"Haihuwa aka yi ba a faɗa mana ba? Ina mai jegon?"

Ba su ga mai jego ba. Abin da suka gani shi ne maigidan tsugune a gaban ƙwarya yana tafa mata.

"Ba biki ake ba, Inna. Nono nake wa kiɗa."

"Nono?"

"Don ya ƙara daɗi."

Inna Mairama ta dube shi, ta dubi ƙwaryar, ta ce Allah ya ba shi lafiya. Amma tunda an riga an taru kuma kiɗan na da daɗi, sai wata ta ɗaure gyale a ƙugu ta faɗa fili, saura suka bi. Ƙwaryar ma ba a bar ta a baya ba. Rugugin lasifikar ya riƙa tura ta kaɗan-kaɗan tana karkarwa zuwa baki, Badamasi kuwa yana can yana wa mata bayanin Turawa da duronsu. Daidai lokacin da Hapsatu ta yi sallama ƙwaryar ta kai ƙarshen tafiyarta, ta kife a ƙasa.

Aka kashe kiɗa. Mata suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Malam," in ji Hapsatu, "me nonona ya yi maka?"

"Gyara shi nake."

"Ya ce maka ya lalace?"

"Ke ba za ki gane ba. Ilimin Turawa ne."

"To Turawan su zo su share min tsakar gida."

Badamasi ya sa yatsa ya lakato abin da ya rage a gindin ƙwaryar, ya lasa, ya lumshe ido. Ya ce ko a haka ma an ji bambanci, da ya ƙara jimawa da sai an yi layi a ƙofar gida. Hapsatu ta miƙa masa tsintsiya.

Da wani ne da tuni ya haƙura, amma Badamasi yana shara yana nazari, har ya gano inda aka yi kuskure. An makara ne. Nonon da ya riga ya shiga ƙwarya ya girma, ba ya jin tarbiyya. Kamata ya yi ya fara jin kiɗa tun yana jikin saniya.

Washegari da sassafe ya ɗaure lasifikar da batirinta a bayan babur, ya nufi rugar da ke kan hanyar Kangire, inda Hapsatu ke samun madara. Rugar ta Buba ce, ƙaninta, kuma kamar kowane ƙanin mata, Buba ba ya raga wa mijin yayarsa. Ya same shi tsugune yana tatsa.

"Yaya Badamasi, lafiya da kayan biki da safen nan? Ko Yaya Hapsatu ta kore ka ne ka koma roƙo?"

"Ci gaba da tatsarka. Yau za ka ga abin da kakanninka ba su gani ba."

Ya matso da lasifikar kusa da kunnen saniyar ya saki goge. Saniyar ta miƙe kunnuwa, ta ɗauke nononta tsaf, ko ɗigo bai ƙara zuba ba. Daga nan ta ɗaga ƙafa ta aika ƙwaryar tatsar can gindin kargo.

"Ba ta saba ba ne," in ji Badamasi.

"Ai fa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa zuwa gidan biki ba." Buba ya je ya ɗauko ƙwaryarsa yana kakkaɓewa. "Shanun nan murya ɗaya suka sani a duniya, tawa. In na kira su, ko suna tsakiyar cin harawa sai sun taho."

Idon Badamasi ya yi haske. Ya ce ai dama abin da ya zo nema ke nan, gogen gwaji ne kawai. Ya matsa wa Buba sai da ya yi kiran nan da yake wa shanu in zai kai su mashaya, wani dogon kira mai lanƙwasa, shi kuma ya naɗe a waya. Dabarar ita ce, in nono yana kwance a ƙwarya ya ji muryar gida, hankalinsa zai kwanta ya yi kauri.

Da zai tafi sai ya ce bari ya ji yadda kiran zai fita a lasifika. Ya fita kuwa, raɗau. Ya ji daɗinsa har ya bar shi yana maimaita kansa, ya hau babur ya kama hanya a hankali saboda yashi da nauyin kaya. Duk wanda ya wuce sai ya ga ya tsaya ya buɗe baki yana nuna shi. Badamasi ya riƙa ɗaga musu hannu yana cewa a ransa, ga shi tun ba a je ko'ina ba suna ya fara fita. Bai waiwaya ba sai da ya tsaya a teburin Maikuɗi ya ga masu shan shayi suna haye benci. Garken Buba ne gaba ɗaya a bayansa, Buban kuma can nesa yana gudu da sanda. Wani bijimi mai baƙin wuya ya ratso ya tura hanci cikin burodin Maikuɗi ya fara karyawa.

Maikuɗi, daga saman tebur, ya ce, "Nono ka ce za ka kawo mana. Ba mu ce ka kawo masu shi ba."

Bayan wannan sai Badamasi ya yi lamo, har Hapsatu ta ɗauka ciwon ya warke. Ana nan sai ga saƙo daga Gwaram. Alhaji Manu, wani babban manomi da ake ji da shi a can, zai aurar da ɗansa, kuma ya ce walimar ba za ta yiwu ba sai da kindirmon Hapsatu. Ta kwana biyu tana aiki. Ranar ɗaurin aure ta cika manyan bokitai masu murfi har baki, ta danne, ta ɗaure kowanne da tsumma. Ita za ta yi gaba a motar mata don ta taya aikin abinci, kai nonon kuma ba wanda za ta ba sai maigida.

"Malam, don girman Allah. Ka kai, ka sauke, ka yi shiru."

"Ko tari ba zan yi ba."

"Na cika su har baki ne da gangan. Kar ka buɗe."

"Hapsatu, yaushe na taɓa ɓata miki aiki?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai motar ta yi mata hon.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Badamasi ya kwance tsumman farko. Ya duba ya girgiza kai. Mace dai mace ce, in ji shi, ta cika abu har baki, to ta ina kiɗan zai shiga? Ya bi maƙwabta ya aro bokitai, ya raba kowane nono biyu, kowanne ya koma rabi, don sauti ya sami wurin zagayawa. Ya ɗauki hayar babur mai ƙafa uku, ya kafa lasifika a tsakiya, ya jera bokitan kewaye da ita kamar masu sauraron wa'azi. Da suka fita gari ya ce wa direban ya sauka daga kwalta ya bi ta ƙauyuka.

"Hanyar can duk gargada ce, Malam, kuma ta fi nisa."

"Nisan nake so. Nonon bai ƙoshi da kiɗa ba."

Haka suka yi ta faɗawa rami suna fita, ganga na tashi, bokitai na tsalle. Can direban ya ce yana jin wani ɓalam-ɓalam a baya. Badamasi ya kasa kunne ya yi murmushi, ya ce nonon ne ke amshi.

Sun isa Gwaram an riga an shafa fatiha. An kafa rumfuna a filin ƙofar gidan Alhaji Manu, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna cikin manyan riguna ana jiran abinci. Wanda aka ce ya sauke ya yi shiru sai ga shi ya jera bokitai a tsakiyar fili, ya jona lasifikarsa, ya je ya karɓe abin magana daga hannun maroƙin bikin.

"Jama'a, salamu alaikum. Sunana Badamasi. Ku riƙe sunan nan da kyau, don za ku neme shi."

Wani daga cikin rumfa ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa ya ji, "Mijin Hapsatu ne."

Badamasi ya haɗiye wannan ya ci gaba. Ya ba su labarin Turawa da giyarsu, aka yi a'uzubillahi, ya ce shi ma ya yi. Ya ce abin da su suka ɓata a kan haram shi ya juyo da shi kan halal. Nonon da ke gabansu ya sha kiɗa tun daga Birnin Kudu, saura na ƙarshe, wanda za a yi a kan idonsu. Goge zai sa masa zaƙi. Gangar noma za ta sa masa kauri, tunda kiɗan ƙarfafa ne.

Gogen ya wuce lafiya, har wasu na gyaɗa kai. Sannan ya danna gangar noma.

Shi Badamasi bai taɓa yin kunya ɗaya ta kirki a gona ba, shi ya sa bai san abin da ya taɓo ba. Manomin gaske in ya ji wannan ganga, jikinsa ba nasa ba ne. Alhaji Manu kuwa a zamaninsa shi ne wanda makaɗa ke bi a baya ranar gayya, yana gaba ana bin ƙurarsa. Tun da ya je Makka ya ajiye wannan, ya koma zama a kan buzu da carbi. Yanzu yana zaune a tsakiyar surukai cikin rigar da ta sha aiki, sai babban yatsan ƙafarsa ya fara rawa. Ya danne shi da ɗaya ƙafar. Kafaɗa ta ɗauka. Ya yi salati, ya ƙara salati, carbin ya faɗi.

"Alhaji, lafiya?" in ji waliyyin amarya.

Alhaji Manu ya yi wata kururuwa, ya tuɓe babbar riga ya jefa wa waliyyin, ya zari garmar da ke jingine a bangon zaure ya duƙa. Kan a ce wani abu ya ja kunya guda daga bakin zaure har rumfar baƙi, miƙaƙƙiya kamar an sa igiya. Tsofaffin abokan gayyarsa da suka ga haka, su ma jikinsu ya tsuma. Wanda ya sami fartanya ya ɗauka, wanda bai samu ba ya ɗauki murfin kwano. Baƙi suka riƙa janye tabarmi ana nome inda suka tashi, kuma kunyoyin nan kai tsaye bokitan nono suka nufa.

"Kashe," in ji maroƙi. "Kai, mijin Hapsatu, kashe abin nan."

Badamasi ya daddanna waya. Maimakon ta mutu sai ta tsallaka kiɗa na gaba, kuma na gaban na 'yan tauri ne. Wani tsoho da ya zo daga Basirka, wanda tun safe yake gyangyaɗi a gefe ba wanda ya kula da shi, ya buɗe ido tangararau. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya yaye riga, ya shiga gurza ta a cikinsa yana kirari yana neman wanda zai tare shi. Rumfar da ke kusa da shi ta watse, har da masu barin takalma.

Badamasi ya sake dannawa. Wannan karon muryar Buba ce ta tashi, dogon kiran nan na mashaya, ya cika unguwar.

Abin da Badamasi bai sani ba shi ne, bijimin da za a yanka washegari don walimar mata a rugar Buba aka sayo shi. Yana ɗaure a bayan gida. Sai ga bijimi mai baƙin wuya ya ɓullo ta lungu yana jan guntuwar igiya, ya ratsa manoma, ya ture bokiti biyu, ya isa gaban lasifika yana neman ubangidansa. Da bai gan shi ba sai ya sa ƙaho ya ɗaga ta. Wayar lasifikar ta tsinke, komai ya yi tsit.

Alhaji Manu ya miƙe daga duƙen da yake, daga shi sai 'yar shara da wando, gumi na zuba, ya dubi garmar da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Tsohon Basirka ya mai da wuƙarsa ya koma ya zauna. Ido ya dawo kan Badamasi gaba ɗaya.

Nan fa ya ji tsoro na gaske. Abu ɗaya ya rage masa: in aka buɗe nonon nan aka ji ya fi na kullum, duk wannan ɓarna za a yafe ta, a kuma riƙe sunansa. Sai dai a lissafinsa kiɗan bai kammala ba, ga lasifika a ƙahon bijimi. Saboda haka ya tsuguna a gaban babban bokitin, ya shiga ƙwanƙwasa murfin da yatsu, ya buɗe baki da kansa.

"Fari ɗan fara, jikan ciyawar fadama. Kauri naka, zaƙi naka. Na ɗauko ka a inuwa, na biya maka mota. Kai dai kar ka ba ni kunya a Gwaram."

Ya ɗaga murfin. Ya karɓi ludayi ya soka a tsakiya yadda Hapsatu ke yi, ya saki. Ludayin ya kwanta ya hau iyo. Abin da ke cikin bokitin ruwa ne tsararo, fari-fari, ga wasu manyan curi masu ruwan ƙwai suna yawo a sama. Rabin bokiti, da gargada, da rugugin ganga tun daga Birnin Kudu, sun yi wa kindirmon abin da matan ruga ke yi da gora in suna son mai. Man shanu ya fita, tsala ta rage. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk labarin ɗaya ne.

Maroƙi ya tako a hankali ya zare abin maganarsa daga aljihun Badamasi. Abin ba ya aiki, amma bai buƙace shi ba, muryarsa ta isa.

"Jama'a, na tsufa a sana'ar nan. Na roƙi masu sarauta, na roƙi masu dukiya, na roƙi wanda ya ba ni da wanda ya hana ni. Amma ban taɓa ganin wanda ya durƙusa ya roƙi bokiti ba sai yau. Ya ce mu riƙe sunansa, to mun riƙe. Ga Maroƙin Bokiti."

Makaɗin da ke tare da shi ya ɗaga kalangu, nan take ya ƙirƙira masa take. Filin ya ɗauka. Har Alhaji Manu, yana sa riga yana dariya, ya ce rabon da ya ji jikinsa haka tun yana saurayi, amma a faɗa wa Maroƙin Bokiti ba zai bar Gwaram ba sai ya baje kunyoyin nan da hannunsa.

Hapsatu ta fito daga cikin gida da hayaniyar ta kai musu. Ta dubi bokitan aro, ta dubi nonon, ta dubi mijinta. Shi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon. Ta kira mata suka tsame man, suka wanke, suka soya. Ranar kowane malmalar tuwo sai da ta yi wanka da man shanu, tsalar kuma aka dama fura da ita. Badamasi yana can yana baje kunya da garma a rana, yana jin baƙi na santi suna cewa ba su taɓa cin mai irin na Hapsatu ba.

Sunan ya riga shi isa Birnin Kudu. Da ya je teburin shayi ya tarar an kife bokiti a inda yake zama, Maikuɗi ya ce an ajiye masa ne ko zai yi musu ɗan wani abu kafin ruwa ya tafasa. A masallaci wani ya matsar da bokitin alwala da ya gan shi tafe. Ikrima ya zo karɓar gawar lasifikarsa, bai ko yi faɗa ba, dariya ta hana shi. Badamasi ya daina fita. Ya zauna a zaure, abin duniya ya ishe shi, kuma abin da bai taɓa zato ba ya same shi: ya shiga kewar tsohon sunansa.

Da la'asar ɗin wata rana Hapsatu ta kawo masa kindirmo a ƙaramar ƙwarya ta ajiye. Ludayin na tsaye a tsakiya. Gidan shiru, ko rediyo babu. Ya kai ludayi ɗaya baki, ya ji daɗin har cikin kansa.

"Kin san," ya fara, "shirun nan ne ya ƙara masa daɗi. Ai ni na daɗe da..."

Ta dube shi. Ya mai da ludayi baki.

Yana cikin sha aka yi sallama. Wani baƙo ne daga Wurno, riƙe da jarka, ya ce don Allah nan ne gidan Hapsatu mai kindirmo?

Badamasi ya miƙe da sauri har hula na faɗuwa. Ya daɗe bai ji tambaya mai daɗin wannan ba.

"Nan ne. Ni ne mijinta. Mijin Hapsatu, haka ake ce min, kowa ya sani. In ka koma Wurno ma haka za ka faɗa."

Baƙon ya ƙura masa ido, fuskarsa ta washe, ya ajiye jarkar ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah mai iko. Ashe kai ne Maroƙin Bokiti."